Ɗorin Kazar Karimatu

Ruwan la'asar ya ɗauke ke nan, irin ruwan Yawunde da ba ya sallama in zai zo. Jar ƙasar unguwar Birikiteri ta jiƙe ta yi santsi, kwatoci suna gudu da ɓawon rogo da ganyen ayaba, hayaƙin masu soya kuma ya fara tashi daga bakin titi yana kwanciya a kan rufin kwano. A gidan Gali mahauci babu abin da ya raba yammacin nan da na jiya. Matarsa Hamsatu tana tuƙa tuwon masara a ƙarƙashin rumfa. 'Yarsu Karimatu, mai shekara goma sha uku, ta dawo daga lekol, wato makarantar boko, tana tsince yakuwa. Kazarta wake-wake ta kwanta a gindin katanga, ta rufe 'yan tsakinta bakwai da fukafukai saboda sanyin ƙasa.

A zamanin Shugaba Ahidjo ne wannan, lokacin da gidajen unguwar yawancinsu na ƙasa ne da katako, kuma kowa ya san abin da aka dafa a gidan kowa. Gali a nan aka haife shi. Ubansa ne ya zo daga ƙasar Kano da ƙafa, a bayan garken shanu, ya kafa teburin nama, ya mutu ya bar masa teburin da wuƙaƙe da taurin kai. Ba mugu ba ne Gali, kada a ɗora masa abin da bai yi ba. Amma mutum ne da bai taɓa tambayar kowa hanya ba, kuma in ya ce abu kaza ne, to, ko liman sai ya haƙura.

Ranar nan ya sayo sabon gungumen sara a kasuwar Mokolo, ƙaton itace da sai mutum biyu suke ɗaga shi, ya turo shi a amalanke har ƙofar gida. Gidan a kan gangare yake, kamar rabin gidajen Yawunde. Rana ta faɗi, ladan yana gyara murya. Ko yaron goye a unguwar ya san magariba ba lokacin jefa abu mai nauyi ba ne, ko watsa ruwan zafi, sai da bisimilla, domin a lokacin ne waɗanda ba a gani suke fitowa da 'ya'yansu. Gali ya sani sarai. Gajiya ce da sauri, ya ɗaga hannun amalanke ya juye gungumen cikin gida bakinsa a rufe.

Gungumen ya faɗi, ya mirgina a kan santsi, ya gangara ya daki katanga daidai inda kazar take. 'Yan tsaki suka watse. Kazar ta yi wani kuka da ba irin na kaji ba, ta yi ta bugun ƙasa da fiffike tana juyawa wuri ɗaya. Da Karimatu ta ɗago ta, ƙafar hagu tana lilo daga ƙasan gwiwa.

Gali ya leƙa sau ɗaya, ya ga abin da kowane mahauci zai gani.

"Ke, miƙo mini wuƙa kafin ta zama mushe."

"Baba, ƙafar ce kawai. Don Allah ka bar mini ita."

"Kaza mai karyayyiyar ƙafa tukunya ce ɗakinta. Sabo da kaza ba ya hana yanka. Kawo wuƙa na ce."

Hamsatu ba mai yawan magana ba ce, 'yar Garwa ce, ta fi son ta haɗiye abu. Amma ta ɗago kai daga tukunya ta ce, "Malam, ga shi an kira salla. Bar jinin nan sai gobe."

Kiran sallar ne ya ceci kazar. Gali ya yi tsaki, ya ɗauki buta.

Karimatu ta taɓa raka wata ƙawarta wurin wani tsoho maɗori a unguwar Mesa, ta ga yadda yake aiki. Tsohon in an kawo masa mai karaya, yakan kama kaza ya karya mata ƙafa daidai inda ta mutumin ta karye, ya ɗora su biyun rana ɗaya, ya ce ranar da kazar ta taka mutumin ma zai taka. Yarinyar ba ta damu da wannan ba, hannunsa ta kalla. Yanzu sai ta tsago siraran gora biyu daga tsohon gadon da ke bayan ɗaki, ta kankare su har suka yi sumul. Ta ba uwarta kazar ta riƙe, an rufe mata kai da gefen zane don ta natsu. Ta ja ƙafar a hankali har ta ji bakin ƙashi ya haɗu da ɗan'uwansa, ta shafa man kaɗanya, ta naɗa auduga, ta jera gorar hagu da dama, ta ɗaure da tsumman tsohon kallabi. Ta shimfiɗa buhu a kusurwar madafa, ta kifa kwando a kan kazar don kada ta yi yunƙurin tafiya. 'Yan tsakin ta zuba su a kwali kusa da murhu. Ta ajiye ruwa a gwangwanin sardin, da jiƙaƙƙen tsakin masara da ta barbaɗa wa dakakken ɓawon ƙwai.

Da safe kazar ba ta mutu ba, har ta sha ruwa. Gali ya fita kasuwa da wuri, bai waiwayi kazar ba. Abu ɗaya ne ya tsaya wa Karimatu a rai. Duk lokacin da ta ɗaga kwandon, sai ta tarar fiffiken hagu a ɗage, a buɗe, kamar akwai ɗan tsako a ƙarƙashi. Ta ƙirga na kwali, bakwai cif. Ta kwantar da fiffiken da hannunta, yana komawa ya ɗage. Ta sa yatsa a wurin ta ji ɗumi, ta janye hannu, ba ta faɗa wa kowa ba.

Magaribar rana ta biyu aka fara jifa. Kyanwar maƙwabta ta hau katangar madafa tana leƙen kwando, sai ga dutse a kan kwano, ƙwal, sai wani, sai wani. Kyanwar ta arce. Gali ya fita da sanda ya zagaya gidan yana zagin 'ya'yan unguwa da iyayensu, bai ga ko inuwa ba. Ya dawo ya tsinci abin da aka jefo. Gutsattsarin tsohon jan bulo ne, irin wanda aka daina yi a unguwar tun kafin a haife shi, kuma da zafinsu kamar an ciro su daga wuta, alhali ƙasa a jiƙe take.

Rana ta uku da ta huɗu haka. Da zarar haske ya fara ja baya, gidan sai ya yi wani irin shiru, har muryar rediyon maƙwabta ta zama kamar daga wani gari take zuwa. Sai jifa. Sai kuma, tsakanin jifa da jifa, wani siririn kuka daga wajen madafa, kukan yaron da ya gaji da kuka. Hamsatu ta daina dafa tuwo da yamma, tun la'asar take sauke tukunya, ta shige ɗaki da carbinta. Maƙwabta da suka saba shigowa aron gishiri suka koma aikowa da sallama daga bakin ƙofa. Da mutum mai lura ne a gidan, da ya ga cewa duwatsun ba su taɓa faɗa wa yarinyar ba, ko kusa da ita, kuma sun fi yawa in Gali ya doshi madafa. Amma tsoro ba ya barin mutum ya lura, Gali kuwa ko babu tsoro ba lura ce sana'arsa ba.

Kazar dai tana samun sauƙi. Kumburin ya saɓe. Karimatu tana kwance ɗaurin bayan kwana bibbiyu, ta goge ƙafar da ruwan ɗumi da gishiri, ta sake mai, ta mayar. Ran kwana na shida kazar ta motsa yatsun ƙafar, yarinyar ta yi ta murna ita kaɗai, don babu wanda ke da sararin taya ta.

A kasuwa labari ya riga Gali isa. Nata'ala, maƙwabcin teburinsa, mutum ne da ke da maganin kowace cuta in dai ba a gidansa take ba. Ya ja shi gefe ya ce, "Kai ma da kanka, Gali? Yaushe aka fara jifan nan? Ba daga ranar da aka ajiye kazar nan ba? Wake-wake ce fa, irin wadda aljanu ke so. Ka yanka ta ka jefar a kwata, ka huta. Mahauci guda, kaza ta hana shi barci."

Maganar ƙarshen ce ta shige shi. Ya dawo gida ran kwana na bakwai rana tana gab da faɗuwa, wuƙa a hannu. Karimatu tana bakin randa tana juye ruwan da ta ɗebo a famfo. Jifa ta ɓarke kamar ana zazzage tsakuwa, wani bulo ya tsage masa goshi, bai tsaya ba. Ya shiga madafa ya hankaɗe kwandon da ƙafa. Sai ya kama kazar yadda ya kama dubban kaji a rayuwarsa, yadda kowa yake kama kaza: ya haɗe ƙafafun biyu a hannu ɗaya ya ɗaga ta kai ƙasa. Gorar ta goce. Ƙashin da ya fara kamawa ya sake ɓallewa, ya ji ƙarar a cikin tafin hannunsa.

A tsakar gida Karimatu ta ƙwalla ƙara ta faɗi, bokitin ya kife. Tana riƙe da ƙafarta ta hagu, ƙasan gwiwa. Jifar ta tsaya cak. Gali ya saki kazar da wuƙar, ya fito a guje, kuma a ranar ne maƙwabta suka fara jin ya kira sunan 'yarsa da bakinsa, don 'yar fari ce, kunya ba ta taɓa barinsa ya faɗa ba.

Washegari suka kai ta asibiti a tasi. Aka ɗauki hoton ƙafar, likita ya ɗaga shi a haske ya ce ƙashi lafiya lau, babu ko tsaga. Ya rubuta ƙwayoyi. Suka dawo da ita a goye, domin ƙafar ba ta ɗaukar ta, in ta taɓa ƙasa sai ta lanƙwashe kamar babu ƙashi a ciki. Yini guda ba ta ce uffan ba, ba ta ci ba, idonta a kan ƙofar madafa. Kazar tana can a yashe inda aka yar da ita, tsumma a warware, ƙafar ta kumbura ta yi shuɗi. Babu wanda ya yi ƙarfin halin taɓa ta.

Da magariba ta yi yarinyar ta tashi zaune a kan tabarma. Ta dubi ubanta, dubin da babu ɗan da ke yi wa uba. Muryar da ta fito daga bakinta ta babbar mace ce, a dishe.

"Mahauci. Ka ji daɗi?"

Hamsatu ta saki carbi ta fita ba mayafi. Ba ta tsaya ko'ina ba sai gidan Modibbo Yuguda, wani tsohon malami ɗan Garwa da ke zaune bayan masallaci, wanda aka sani da karatu a kan masu irin wannan lalura. Ya sallame salla ke nan. Ya saurare ta har ta gama, ya ɗauki sandarsa da 'yar jakar fata, ya biyo ta a hankali, don gangaren unguwar ba ya ragawa tsofaffi.

Ya tarar mata biyu na maƙwabta sun danne yarinyar, ita kuwa tana watsar da su kamar ba 'yar shekara goma sha uku ba. Ya ce su sake ta. Ya sa aka kawo garwashi ya zuba turare, ya zauna a gefen tabarma, ya kama babban yatsan hannunta, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Hayaƙi ya cika ɗakin. Yarinyar ta yi ta murɗewa tana toshe kunne, can sai ta yi lakwas, numfashinta yana fita da ƙyar.

"Ya isa, Modibbo. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciyarsu. Ina nan tun ana haƙar ƙasar bulo a wurin nan. Ramin da ke bayan katangarsu, nan ne gidana. Na ga zuwan uban wannan da shanunsa. Ban taɓa taɓa musu ko cokali ba."

"To me ya kawo ki jikin yarinya?"

Muryar ta yi ƙasa-ƙasa.

"Ɗana ƙarami ne. In ƙasa ta yi sanyi yakan shiga ƙarƙashin kazar nan tare da 'yan tsaki, ya ji ɗumi. Wannan ya jefo itace bai ambaci sunan Allah ba. Da ya ambata, da na ji na janye ɗana. Ƙafarsa ta karye inda ta kazar ta karye."

Gali yana tsugune a bakin ƙofa, jinin goshinsa ya bushe. Ya buɗe baki, Modibbo ya ɗaga masa hannu.

"Ban riƙe shi ba," in ji muryar. "Na ce tsautsayi ne. Da yarinyar nan ta ɗora kazar, na ga hannunta mai kyau ne, sai na haɗa ƙafar ɗana da ta kazar, yadda maɗoranku suke yi. Yana warkewa. Shekaranjiya da safe ya motsa yatsu. Jifar da nake yi, kyanwa nake kora, da ɓeraye, da wannan mai wuƙar. Kwana shida ina gadi. Sai ya zo ya sake karya mini ɗa a gaban idona."

"Bai sani ba," Modibbo ya ce.

"Ya tambaya?"

Modibbo ya ƙara turare a wuta.

"Ke baiwar Allah, kin yi zalunci. Ga wanda ya yi miki laifi a tsugune. Wadda kika kama ita ce ta yi miki alheri. A wace shari'a ake haka?"

"In na karya tasa, ƙashinsa ne zai yi ciwo. Ni ba ƙashina ke ciwo ba. So nake ya zauna ya kalli ɗansa a kwance, yadda nake kallon nawa."

Hamsatu ta fashe da kuka a bayan ƙofa. Gali ya rarrafo ya ce a karɓi tasa ƙafar, a karɓi duka biyun, ya ce zai yanka rago, zai yanka sa. Modibbo ya juyo ya daka masa tsawa, ya ce ba a yanka wa kowa komai sai Allah, kuma wuƙar nan tasa ita ta kawo su inda suke. Sannan ya koma kan karatu, da ƙarfi wannan karon, har yarinyar ta yi ta ihu tana cewa a tsaya, a tsaya, za ta yi magana.

Suka yi ta ja. Ita ta ce ƙafar ta zama tata har abada. Ya ce ba ta isa ba, zai karanta har gari ya waye, kuma in ta ƙone wa zai kula mata da ɗan? Wannan ta sa ta yi sanyi. Daga ƙarshe ta ce za ta fita daga kan yarinyar da harshenta yanzu, ba za ta ƙara jifa ba, ba za ta ƙara shiga gidan ba. Amma ƙafar tana nan haɗe da ta kazar, tare da ta ɗanta. Wanda ya karya shi zai ɗora, da hannunsa, ba mai taya shi. Yadda kazar ta taka, haka su biyun za su taka.

Modibbo ya ja gemunsa. Jinyar kaza ba shirka ba ce, kuma ya ga iyakar abin da zai samu ke nan. Ya sa ta rantse da Wanda ya halicce ta, ta rantse sau uku. Karimatu ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake, ta sake, sai ta faɗi a kan tabarma. Da ta buɗe ido muryarta ce ta fito, 'yar siririya.

"Inna, an ba wake-wake ruwa?"

A daren Gali ya ɗauko kazar, da hannu biyu, a ƙirjinsa. Shekara talatin yana raba ƙashi da ƙashi, ya san kowace gaɓa ta dabba da ido a rufe, amma bai taɓa mayar da ko ɗaya wurinta ba. Yatsunsa kauri gare su, gorar tana zame masa. Karimatu tana kwance tana gaya masa: ja a hankali, Baba, kada ka murɗa, sa audugar tukuna. Da ya ja ƙafar kazar, yarinyar ta cije zane, gumi ya karyo mata. Da ya gama ɗauri ta ce, "Baba, ka matse da yawa, yatsuna sun mutu." Ya duba na kazar ya ga sun yi sanyi. Ya kwance ya sake. Sai a karo na huɗu ta ce ya yi.

Amma ƙafar ta kwana ta yini a karye ba ɗauri, naman ya kumbura, bakin ƙashin ya hau kan ɗan'uwansa. Gali ya ji haka a ƙarƙashin yatsansa. Ya ja iyakar yadda yarinyar za ta iya ɗauka, ya tsaya da ta fara suma. Ya gaya wa kansa ya zauna daidai.

Ya bar teburinsa a hannun wani ƙanensa. Mutumin da bai taɓa sanin inda ake ajiye ludayi ba ya tare a madafa. Ya ɗinka wa kazar 'yar majanya da tsohon buhu, ya huda wurin ƙafafu, ya rataye ta a cikin kwando don nauyinta kada ya hau karayar. Yana jiƙa tsaki, yana daka ɓawon ƙwai, yana kamo mata gara a gindin katanga. In ta ƙi ci, Karimatu ma ba ta ci, sai ya buɗe bakin kazar ya ɗiga mata kunu da tsinke. In rana ta fito ya fitar da ita ta sha hantsi, ya zauna kusa yana korar ƙuda. Har yanzu fiffiken hagu a ɗage yake, kuma Gali ya koyi yin bisimilla kafin ya kai hannu wurin. A unguwa aka sa masa suna ungozomar kaji. Nata'ala, wanda ya ba da shawarar, shi ya fi kowa dariya, kuma ko sau ɗaya bai tako gidan ya duba yarinyar ba. Abin ya ci wa Gali rai ƙwarai.

Jifa ba ta dawo ba. Kukan yaron ya ragu, ya koma ɗan gunaguni, ya ɓace. Ran kwana na ashirin da huɗu, da hantsi, Gali ya ɗaga kwando ya tarar fiffiken a kwance lif a jikin kazar. Ya sa hannu, babu ɗumin. Ya kira Hamsatu, suka fito da Karimatu suka zaunar da ita a kan turmi. Ya kwance tsumman, ya cire gorar, ya ajiye kazar a tsakar gida.

Ta tsaya. Ta girgiza jiki, ta miƙa wuya. Ta ɗaga ƙafar hagu ta taka, ta karkata, ta jawo ta dama. Ta sake takawa, ta sake karkata. Ƙafar ta kama, amma ta gajarce, ga wani ƙulli a ƙasan gwiwa, yatsun suna kallon ciki.

Karimatu ta dafa kafaɗar uwarta ta miƙe. Ƙafar ta ɗauke ta. Hamsatu ta fara hamdala, sai yarinyar ta yi taku ɗaya, kafaɗarta ta hagu ta nutse. Ta yi na biyu. Ta kai bakin randa ta dawo, tana karkata.

Gali ya je wurin Modibbo Yuguda a ranar. Tsohon ya saurare shi, ya ce aljanar ta cika alkawarinta, ba ta ƙara ba ta rage ba, kuma wani wuri a bayan katangar nan akwai wata uwa da ke kallon nata ɗan yana tafiya haka. Ya ce a yi haƙuri. Gali bai iya haƙuri ba, bai taɓa koya ba. Ya wuce Mesa wurin tsohon maɗorin, da kazar a cikin riga. Tsohon ya shafa ƙullin ya ce ɗorin ya hau, amma ƙashin sabo ne, bai gama tauri ba. In an sake karya shi daidai wurin, aka ja sosai aka ɗora, wani lokaci yakan miƙe. Wani lokaci kuma ƙafar takan mutu gaba ɗaya. Ya ce shi dai ba zai sa hannu ba.

Mako ya zagayo. Karimatu ta koma lekol, tana fita tun da sauran duhu don gangaren yana cin lokacinta yanzu. An cire ta daga layin masu maci na bikin ƙasa, malamarsu ta ce ta riƙa riƙe wa sauran jakunkuna. Ba ta yi ƙorafi ba. Da ta yi kuka ko ta zage shi, da Gali ya fi samun sauƙi.

Wata la'asar ya dawo ya tarar tsakar gida ba kowa, Hamsatu ta shiga maƙwabta. Kazar tana tono a gindin katanga. Ya ɗauke ta ya zauna a kan gungumen, ya kwantar da ita a cinyarsa, ya rufe mata kai da gefen riga. Sabuwar gora tana aljihunsa, ya kankare ta tun jiya, da auduga da tsumma. Ya ɗora manyan yatsunsa biyu a kan ƙullin. Ya san daidai inda zai danna, da ƙarfin da ake bukata. Abu ne na ƙiftawar ido. Ya yi bisimilla, ya fara dannawa kaɗan.

"Baba."

Tana tsaye a ƙofar ɗaki, ta dafa bango, ɗayan hannun yana riƙe da ƙasan gwiwarta. Ashe tana ciki.

"Zan gyara ne," ya ce. "Wannan karon na iya. Wallahi na iya."

"Na sani, Baba." Ta dube shi. "Amma ni zan ji. Don Allah ka bar mini wadda ta rage."

Ya daɗe yatsunsa suna wurin. Sannan ya janye su, ya buɗe kan kazar, ya sauke ta ƙasa. Karimatu ta saki bango, ta ɗauki bokiti, ta bi ta gabansa za ta famfo. Ya miƙa hannu zai karɓa, ta ce ya bari, gara ta saba.